Kogon Jirgin Istifanus

A Ikara, idan mutum biyu suka yi gardama a kan iyakar gona, kafin a kai magana gaban mai unguwa sai ka ji wani ya ce, "A kira Mai Awo." Mai Awo kuwa Istifanus ke nan, wani dogon dattijo mai furfura a gefen kunne, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya a aikin reluwe yana shugabantar leburorin gyaran dogo tsakanin Zariya da Gimi. A duk tsawon shekarun nan jirgi bai taɓa sauka daga dogon da ya duba ba, awonsa kuma bai taɓa ƙarya ba. Ba ya faɗin haka da bakinsa sai an tambaye shi, amma fa yana son a tambaye shi.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka shiga tsuke bakin aljihu, aka yi ta rage ma'aikata kamar ana karkaɗe tabarma. Takardar sallama ta iske shi a bakin aiki, guduma a hannu. Ya kwaso matarsa Angelina da 'yan komatsansu suka dawo gida. Ba shanu, ba mota, gonar gadon ma da ke Malikanchi 'yar tafin hannu ce. Abu mai daraja da ya dawo da shi sunan nan ne kawai, kuma yana lallaɓa shi kamar ƙwai.

Sai kuma wani kwali. Wani injiniya Ba'indiye da suka yi aiki tare ne ya bar masa shi ranar da zai koma ƙasarsu. A ciki akwai ɗan kan jirgi na wasa, baƙi, wanda ake murɗa wa makulli kamar agogon tebur, da ƙananan taragu biyu da 'yan guntayen dogo. Istifanus ya gina shago a ƙofar gida da niyyar sayar da kayan masarufi, sai kayan suka ɓace daga kasuwa. Madara, sukari, sabulu, duk sai an bi layi, soja na tsaye da bulala. Da shagon ya zauna fanko, sai ya jera katakai a kan bulo ya zazzage kwalin a kai.

Abin da mutumin nan ya yi a shagon cikin shekara biyu, gani ya kori ji. Dogon da aka ba shi bai kai kamu huɗu ba, sai ya samo ƙarfen ɗaurin auduga ya miƙe shi, ya kafa shi a kan 'yan katakon akwatin sabulu, tazarar kowane biyu daidai wa daida, har layi ya zagaye ɗakin. Ya yi tasha da tankin ruwanta, ya yi gada. Ya kuma ƙera dogon taragon fasinja daga galan ɗin man gyaɗa, mai taga goma sha huɗu da kujeru a ciki. Wannan taragon shi kaɗai ya ci masa wata huɗu, kuma ko Angelina ba ta taɓa shi sai in zai miƙa mata da kansa.

Ba kowa abin ya burge ba. Ashafa mai facin keke, wanda rumfarsa ke fuskantar shagon, kullum yana da abin faɗa. "Gwamnati ta ƙwace masa babban jirgi, ya koma na goyo," in ji shi. Istifanus ba ya tanka masa. Ya san ko shi Ashafan, ranar da ya zo yi wa rumfarsa sabon rufi, Mai Awo ya kira.

A gidan Fasto Markus Istifanus ya ga abin da ya hana shi sukuni. Wata tsohuwar kalanda ce a bango, da hoton jirgi yana fitowa daga cikin dutse, rabinsa a haske, rabi a duhu. Shekara talatin da ɗaya yana bin dogo da ƙafa, bai taɓa ganin irin wannan ba, don ƙasar da ya yi aiki shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Ya roƙi kalandar aka ba shi. Tun daga ranar ya ƙudura sai jirginsa ya shiga kogo ya fito.

Wurin da ya rage a kan katakon kusurwar ɗaki ce, inda layi ya yi kwana. Duk ɗan reluwe ya san sharrin kwana: dogon tarago in ya shige ta, cikinsa yakan karkato ciki, kai da gindi su yi waje. Ya yi kwana uku yana tura taragon a hankali da alli a hannu, yana zana iyakar inda kowace kusurwa ta kai. Sannan ya yanka ma'auni daga gwangwani, siffar bakin kogon, wanda in ya wuce to taragon ma zai wuce. Da ya zo ginin tudun da kogon zai ratsa ne aka ji kunya. Ya yi na farko da takardar buhun siminti da koko, ɓeraye suka yi biki da shi. Na biyu da laka ya yi, ya rufta tun kafin ya bushe.

"Baban Judith," in ji Angelina, tana kallonsa yana kwashe ɓaraguzan, "kai ƙarfe ka sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka je Saulawa wurin Baba Jumare mana."

Jumare tsohon magini ne. A zamaninsa, daga Makarfi har Kudan, duk mai hali da ke son soro mai bakan gizo, wato rufin laka mai lanƙwasa wanda ba ginshiƙi a tsakiyarsa, shi yake aika wa doki. Da kwano da siminti suka zo, sai aka manta hanyar gidansa. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali, mutane kuma suka yanke cewa hannunsa ya ƙare. Shekara bakwai ke nan rabon da a kira shi ko gyaran katanga.

Istifanus ya same shi a gindin ɗorawa yana tufkar igiya. Ya jingine keke ya durƙusa.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da hutawa."

"Amin, alaikumus salam. Wa nake ji kamar ɗan reluwe? Ina gajiya? Ina mutanen Ikara? Yaya uwargida?"

"Duk lafiya, Baba. Yaya ƙarfin jiki? Yaya iyali?"

Sai da gaisuwa ta kai inda take kaiwa, aka kawo ruwa, sannan ya fito da ma'aunin gwangwanin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya yi zaton tsohon zai yi dariya. Jumare ya karɓi gwangwanin ya bi gefensa da yatsa, sau biyu.

"Tsawonsa fa?"

"Kamu biyu, kuma a lanƙwashe."

"Baka a kan kwana," in ji Jumare, kamar mai ɗanɗana miya. "Ban taɓa yi ba. Ƙara faɗin yatsa ɗaya a wannan abin naka, Malam Istifanus. Laka in ta bushe komawa take yi."

Nan take Istifanus ya ji mutumin ya kwanta masa a rai. Wanda ya fara da gyara maka awo, ai ya san abin da yake yi. Ya koma gida ya yanka sabon ma'auni.

Ran Litinin Jumare ya iso a bayan keken wani jikan ƙaninsa, da buhun jar ƙasa da ya zaɓo da kansa. Bai taɓa ginin ba sai da ya cuɗa ƙasar da yankakkiyar ciyawa, ya bar ta kwana huɗu tana tsima a bayan shago. A kwanakin ya zauna yana tsaga azara siri-siri kamar tsinken tsire. Ranar da ya fara, Istifanus ya ja kujera gefe ya zuba ido, kuma abin da ya gani bai taɓa barin ransa ba. Hannuwan nan da ke rawa in sun ɗauki moɗa, suna taɓa laka sai su natsu. Tsohon ya tada bango biyu a kan zanen allin, ya kafa tsinkayen azara suna leƙowa daga kowane gefe, ya ɗaure su da zare, ya shafa laka, ya tsaya. Gobe ya ƙara wani jeri a kan na jiya, kowanne ya ɗan fi na ƙasansa leƙowa, har ranar da gefe biyu suka haɗu a sama ba tare da an tokare su da komai ba. Ko sau ɗaya bai sunkuya ya duba ba, yatsunsa ne ke gani.

Kowace yamma Istifanus yakan zura ma'auninsa daga wannan baki zuwa wancan. Ranar da aka rufe bakan ya zura shi sau uku, ya wuce sumul, har da sauran wuri. Washegari suka tafi taron coci a Kudan shi da Fasto Markus, kwana uku, ya bar Jumare yana ɗora tudu a kan ginin.

Ya dawo ya tarar da tudu sosai, da 'yan duwatsu da hanyar awaki, bakin kogon biyu kuma an toshe su da jiƙaƙƙen buhu.

"Kada a buɗe sai ya kwana bakwai," in ji Jumare. "In iska ta shige shi da gaggawa, tsagewa zai yi."

Kwana na bakwai ya faɗo ran Lahadi. Angelina kuwa ta riga ta faɗa wa matan zumunta, matan zumunta sun faɗa wa gari. Kafin la'asar ta yi sanyi shagon ya cika, har da na tsaye a taga. Fasto Markus na gaba, Jumare na gefe da wankakkiyar riga, ya sha rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Istifanus ya zare buhunan, ya miƙa hannu zai ɗauko ma'auninsa, don a ƙa'idar aikinsa ba a sakin jirgi a layin da ba a duba ba ran nan.

"Af, Mai Awo ma sai ya sake gwadawa?" in ji Ashafa daga bakin ƙofa. "Na ɗauka sau ɗaya kake yi."

Aka yi 'yar dariya. Da Istifanus ya bi ƙa'idarsa da bai kula ba. Amma yabo ya daɗe yana yi masa daɗi, ga shi kuma ya auna sau uku da hannunsa. Ya mayar da gwangwanin ya ajiye.

Ya murɗa makulli, ya ɗora kan jirgin, ya haɗa ƙananan taragu biyu, dogon na fasinja a ƙarshe. Jirgi ya tashi daga tasha, ya haye gada, ya nufi kusurwa. Duhu ya haɗiye kan, ya haɗiye taragu. Mutane suka miƙa wuya. Can sai ga baƙin kan ya leƙo ta ɗaya bakin, mata har sun fara guɗa, sai aka ji ƙiiit. Jirgi ya tsaya cik. Ƙafafun kan suka yi ta juyawa a wuri ɗaya har ƙarfin makullin ya ƙare.

Abin nema ya samu wurin Ashafa. "To, ko dai awo ne, ko dai gini ne," in ji shi. "Dama an ce tsoho ya huta, an ƙi."

Istifanus ya ji maganar har cikin ƙashinsa, amma ya san ba awonsa ba ne. Ya jawo taragon baya a hankali, ya ga jar ƙasa a kusurwar rufinsa. Tocila tana nan, batir ne babu, an yi wata biyu ba a gan shi a kasuwa ba. Ya ce Angelina ta kawo madubinta. Ya sa mutane suka dare daga ƙofa, ya tari hasken rana da madubin ya jefa shi cikin kogon, ya durƙusa ya kafa ido.

Abin da ya bari kafin ya tafi Kudan gini ne tsirara, tsinkayen azara a waje. Abin da ya gani yanzu ɗakin amarya ne. An yi wa cikin yaɓe mai santsi tun daga ƙasa har sama, an goge shi da makuba yana ɗaukar ido. A kan yaɓen kuma an tada zane, dagi da sarƙa da 'yan taurari, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba, jere har inda haske ya kai. Tsohon ya zura hannu har kafaɗa ta kowane baki, kwana uku, ya yi wannan a wurin da ya san ba mai gani. A tsakiyar kwanar, ta gefen waje, ga ƙarzar da kusurwar taragon ta yi, ta ɓantare rabin wani dagi.

Bai buƙaci a yi masa bayani ba. Magini irin Jumare ba ya miƙa ɗaki ba yaɓe, ko da na kaji ne, abin kunya ne a wurinsu. Kaurin yaɓen nan da tudun zanen su suka cinye wurin da ya bari. Istifanus ya daɗe a durƙushe. Bai taɓa ganin aikin hannu mai kyan wannan ba. Kuma ya san abin da zai biyo baya in ya faɗi gaskiyar abin da ya faru: sunansa zai fita fes, Ashafa zai kai labari kasuwar Makarfi cewa tsohon ya toshe hanyar jirgi, a ce dama hannunsa ya ƙare, sannan a sa wuƙa a kankare yaɓen.

"Malam Istifanus, me ka gani?" in ji Jumare. Muryarsa ta yi ƙasa.

Istifanus ya miƙe, ya kife madubin a kan katako.

"Ginin Baba lafiya lau yake," ya ce, yadda na taga ma za su ji. "Awona ne bai kai ba. Ban bar wa dogon tarago isasshen wuri a kwana ba."

Ashafa ya tafa hannu. "Ashe Mai Awo ma yana zamewa." Dariya ta tashi, ba ta mugunta ba sosai, amma dariya ce, kuma Istifanus ya ji zafinta. Wani daga taga ya ce to ashe gara a sake duba iyakar gonar nan ta bara. Fasto Markus ya ce kowa ɗan Adam ne. Angelina ta dube shi, ta dubi madubin. A hankali mutane suka watse, kowa da abin da zai ba da labari.

Da shagon ya rage su biyu, Jumare ya zauna a kan bulo ya warware rawaninsa ya ɗora a gwiwa.

"Ka yi ƙarya a gaban fastonku, ɗan reluwe."

"Ban yi ba, Baba."

"Na ji ƙarar. Yaɓena ne." Ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙar da yake gyara zane da ita. "Wallahi ban tuna da taragonka ba. Hannuna ya shiga ya ji azara a waje, na kasa barinta haka. Matsa in kankare, kafin magariba na gama. Gobe ka kira su ka faɗa musu."

"Wanda ya kira magini irinka bai bar wa yaɓe wuri ba, ai shi ya yi kuskuren awo," in ji Istifanus. "Mayar da wuƙarka."

Ya ɗauko dogon taragon ya juya shi a hannu. Ya ƙirga taga bakwai daga kowane ƙarshe, ya ja layi da alli a tsakiya, ya ɗauko almakashin yankan kwano. Jumare ya ji ƙarar ƙarfe yana tsagewa ya ɗago kai.

"Me kake yankawa?"

"Gajeren tarago ba ya faɗa da kwana. Zan yi musu ƙafafu su zama biyu."

"Wata huɗu ka ce ka yi a kansa."

"Na yi."

Ya ajiye guntayen biyu a gefe, bai sake kallonsu ba, don in ya kalla zai ji ciwo. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya miƙe ta ƙofa har kan katako. Ya ɗauki madubin, ya kama tsohon a kafaɗa ya kai shi bakin kogon.

"Durƙusa nan, Baba. Da idon mai gani."

Jumare ya durƙusa da ƙyar. Istifanus ya yi ta karkata madubin har hasken ya shige ciki ya kwanta a kan zanen. Tsohon ya yi shekara hamsin yana gini, amma wannan aikin da yatsa kawai ya san shi, bai taɓa ganinsa ba. Ya daɗe bai motsa ba. Istifanus ya ga ruwa yana bin gefen hancinsa yana shiga gemu.

"Ɗan ɗaga shi sama kaɗan," in ji Jumare. "Akwai wani a can ƙurya da nake so in ga ko ya fita."

Hannun Istifanus ya gaji, amma ya ɗaga.